Farin Faifan Haƙori

A gonar binciken alkama kowa ya san Bahago ba ya magana. A cikinsa yake yin ta, kuma duk a kan mutum ɗaya: Haƙori, shugaban masu awo, wanda ya ci sunan saboda bakinsa ba ya rufuwa da dariya.

Aikinsu awon ganye ne. Na'urar tana rataye a kafaɗa kamar jaka, waya ta fito daga jikinta ta ƙare da ɗan baki irin na agwagwa. Ka buɗe bakin, ka kama ganyen alkama na can sama, ka danna. Na'urar ta haska ganyen ta auna hasken da ya dawo mata, daga nan a gane ko shukar na jin ƙishi, ko taki ya gaza mata, ko cuta ta shige ta tun ido bai gani ba. Amma kafin ta taɓa ganye sai an nuna mata wani farin faifai, ɗan ƙarami kamar murfin kwalba. Da shi take sanin fari. In ya yi dauɗa, dauɗar za ta ɗauka fari ce, ta yini tana sharara ƙarya a kan kowane ganye. Shi ya sa ba a taɓa fuskarsa da yatsa, ba a hura masa iska, ba a goge shi da tsumma.

Haƙori yana yin duka ukun. A ɗakin ajiyar kaya, inda manya ba sa leƙawa, sai ya gama karin kumallo ya ɗauki faifan da hannu duk maiƙo, ya hura masa hucin baki, ya murza a gefen rigarsa kamar mai goge tabarau.

Bara wannan hali ya ɓata awon shekara guda. Da Dakta, matar da ke shugabancin sashen, ta nemi ba'asi, Haƙori ya riga kowa shiga ofishinta. Ya ce yayan Bahago ne ke riƙe da makullin ɗakin, kuma ya sha ganinsa yana wasa da faifan. Bahago ya je ya faɗi abin da ya sani, aka ce ai ƙane ne, me zai ce in ba haka ba. Aka sallami Yaya, mutumin da ya koya wa Haƙori yadda ake kama ganye.

Tun daga nan Yaya ya koma baranda. Ba ya fita, ba ya amsa waya.

"Yayanka ya kwance fankar nan ya ɗaura har ita ma ta gaji da shi," matar Yaya ta ce wa Bahago. "Kai kuma kullum ka shigo fuska kamar an aiko maka da mutuwa. Ni da wa zan yi hira a gidan nan, da bango?"



Farkon bana na'ura ɗaya suke amfani da ita shi da Haƙori. Dole Bahago yake sammako ya wanke faifan a bakin famfo, ya kankare shi a hankali yadda Yaya ya koya masa, don in awo ya sake lalacewa ya san kan wa za a faɗa. Kullum yana wankewa yana jin kamar bakin Haƙori yake wankewa.

Sai aka kawo na'ura ta biyu. Dakta ta damƙa ta ga Haƙori tare da babban gwajin shekara: jerin irin alkama da aka hana ruwa, don a ga wanne ke jure fari. In awon ya yi kyau, da shi za a tura shi ƙaro karatu. Aka ba shi sabon faifai da akwati, ya rataya makullin a wuya.

"Ƙanen Yaya," ya ce yana kaɗa makullin, "wannan ba na gidanku ba ne. Ku danginku hannunku da nauyi."

Masu awo suka yi dariya. Washegari Bahago ya shigo da burodi da soyayyen ƙwai a takarda, ya ajiye gaban Haƙori. Tun a bakin ƙofar gona ya ce wa mai suyar ƙwan ya ƙara mai, ya sake ƙarawa.

"Kai! Yau wace rana? Bahago da kyauta?"

"Oga ne kai yanzu."

"To, hankali ya fara zuwa."

Haƙori ya cinye, ya lashe yatsu, ya buɗe akwati. Ya hura, ya murza, ya ɗaga faifan wajen taga.

"Yana ƙyalli, Oga," in ji Bahago.

"Ai haka ake riƙe kaya."

Faifai mai lafiya ba ya ƙyalli. Fari ne dusu-dusu kamar alli.

Haka aka yi ta tafiya. Alkama ta fitar da kai, ta fara cika ido. Kullum da burodi, kullum da mai. Bahago yana nasa awon a ɗaya gefen gonar, yana hango Haƙori cikin shuka har ƙugu, yana kama ganye yana waƙa. Akwai safiyar da Bahago ya tsaya ya dubi jerin gwajin. Wasu irin nan Yaya ne ya haɗa aurensu da hannunsa, yana sunkuye da ɗan hantsaki cikin rana. Kalma ɗaya daga bakin Bahago za ta ceci awonsu. Ya haɗiye ta. Ganyen alkama ba ya jiran kowa: da ya fara rawaya awo ya ƙare, sai wata shekara. Rawayar yake jira.

Ta zo. Gefen ganye ya fara ƙonewa ranar da Dakta ta shigo gona da kanta, rana tsaka, kwamfuta a hammata, fuska ba annuri. Ta tara masu awo a bakin jeri, ta dubi Haƙori.

"Malam, awonka ya ce ganyenka ya fi fari haske. Ganye kore. Yi min bayani."

"Ranki ya daɗe, na'urar ce. Sababbin nan ba su da ƙwari."

"An gwada ta. Lafiyarta ƙalau."

Haƙori ya yi dariya, ya karkato da kai wajen Bahago. "To, ba na son zargi, amma kin san akwai masu jin haushina tun bara."

"Makullin na wuyansa," in ji Bahago.

"Kawo faifan," in ji Dakta.

Haƙori ya buɗe akwati ya ɗora faifan a tafin hannu. Bahago yana tsaye ta inda iska ke busowa. Ya tsinki kan alkama ɗaya, ya murza tsakanin tafukansa kamar mai duba cikar ido, ya buɗe hannu. Ƙaiƙayi ya tashi. Guda ya sauka a tsakiyar faifan.

Hannun Haƙori bai yi shawara da kansa ba. Ya kai faifan baki ya hura, ya murza a riga, sau biyu, da kyau. Sai da ya miƙa mata sannan ya ga fuskokin mutane.

Dakta ta karɓi faifan ta gefe, ta karkata shi a rana. Ya yi ƙyalli, ruwan ƙwai-ƙwai. Ta sansana.

"Tun yaushe kake yin haka?"

"Ranki ya daɗe, yau ne kawai, ƙura ce ta…"

"Tun yaushe?"

Ta miƙa hannu, ya cire makullin daga wuya ya ba ta. Ta ce ya tattara kayansa ya jira ta a ofis, maganar karatu kuma ya manta da ita. Sannan ta juyo kan Bahago.

"Kai kana gani?"

"Ina gani."

"Ka bar gwajin shekara guda ya mutu kana kallo?"

"Bara na faɗa."

"Daga gobe ka koma wajen masu cire ciyawa. Ba na ba ka na'ura kuma." Ta yi taku ta tsaya, ba ta waiwayo ba. "Ka ce wa yayanka ina son ganinsa."

Bahago bai jira motar ma'aikata ba, a ƙafa ya tafi. Ya tarar da Yaya a baranda da sukudireba a hannu. Ya zauna a ƙasa ya ba shi labari, gajere, har da maganar ciyawa, har da irin da awonsu ya tafi a banza. A nan Yaya ya runtse ido, ya daɗe bai buɗe ba.

"A gabanta ya hura?"

"A gabanta."

"Ya goga a riga?"

"Sau biyu."

Matar Yaya ta leƙo daga kicin da ludayi. "Iye! Yau bebaye biyu ke hira?"

Yaya ya ajiye sukudireba. Ya laluba ƙarƙashin kujera ya jawo takalmansa, ya kakkaɓe.

"Motar ma'aikata ta sauke su Haƙori?"

"Tukuna."

"Tashi mu je bakin titi."

"Me za ka yi masa?" in ji matarsa. "Don Allah kar ka jawo mana magana."

"Ba abin da zan yi masa," in ji Yaya yana ɗaure igiya. "Sannu da aiki kawai zan ce."