Rigar da Inna Talatu ta ɗinka wa saba

Tun daga bakin ƙofa Badi'a ta ji shirun bai yi mata ba. Shekara huɗu ke nan tana buɗe ɗakin na'urori na ƙungiyar manoman rake a Makarfi, kullum gurnanin fanka ne ke tarbarta. Yau Litinin sai wani ɗumi ya daki fuskarta, kamar an buɗe tukunyar dambu.

A kusurwa saba take, wato babbar kwamfutar da duk ƙananan kwamfutocin ofishin ke ɗebo bayani daga cikinta. An sa mata riga. Farin yadi ne mai kauri, an yi masa ado da jajayen furanni, har da leshi a gefe, ya rufe ta ruf tun daga sama har ƙasa.

"Ya yi miki kyau?" in ji Inna Talatu mai shara daga bayanta, tana murmushi da tsintsiya a hannu. "Tun Juma'a na sa mata. Talabijin ɗin gidana ma da rigarsa, balle wannan da kike ji da ita kamar 'yar fari."

Badi'a ta fizge rigar. Ƙarfen ya ƙona mata yatsa. Kwana uku na'urar tana shaƙar zafin kanta, ramukan iskarta a toshe. Faifai biyu ne a ciki, kowanne kwafin ɗan'uwansa. Ɗaya ya riga ya mutu, ɗayan kuwa yana wani ƙas-ƙas kamar agogon da batirinsa ya yi sanyi.

Abin da ke cikin faifan ba takardu ba ne. Yawancin manoman ba su yarda da fom ba, don haka ƙungiya ta ce kowa ya zo ya faɗi iyakar gonarsa da bakinsa, a naɗa. Murya dubu uku da wani abu, daga Gubuchi har Likoro, wasu masu su sun riga mu gidan gaskiya. Ta farko a cikinsu ta mahaifinta ce, Malam Uwaisu. Ranar da ta haɗa na'urar shi ta zaunar don gwaji, yana ta tsokanarta wai ta kawo shi hira da akwati. Bayan wata biyar ya rasu. Tun daga nan kowace safiya sai ta kunna muryar kafin ta taɓa wani aiki. Ba ta taɓa kwafe ta a wayarta ba, don ita da hannunta ta rubuta dokar cewa bayanin manomi ba ya fita daga ɗakin nan. Ga shi yau dokar ta ci mai ita.

Ta jona faifan ajiya, ta duba. Lalacewar tana can farkon faifan mai ƙas-ƙas, daidai inda naɗe-naɗen makon farko suke kwance. In ta tilasta masa karanta wurin, allurar da ke karanta shi na iya cijewa, komai ya tafi. In ta fara da lafiyayyen ɓangare, mutanen gari za su tsira, amma ba lallai faifan ya kai lokacin da za ta dawo kan Baba ba.

Ta daɗe da yatsa a kan madanni. Sannan ta fara daga lafiyayyen.

"Na yi ɓarna ko, 'yar nan?" Inna Talatu ta tambaya, muryarta ta yi ƙasa.

"Ɗauko mafici, Inna. Zo ki yi mata fifita."

Haka suka zauna, tsohuwa tana fifita ƙarfe, Badi'a tana kallon koren layin kwafi yana jan ciki a allo. Yayyafi ya fara sauka a kan kwano. Sunaye suna wucewa a allo ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa sai ta ga kamar mutanen ne da kansu ke fitowa daga akwatin, kowa da fartanya a kafaɗa, suna bin shuɗiyar wayar da ta jona da faifan ajiya a jere kamar masu tsallake kwari a kan gungume. Ga Ashafa mai tsamiya biyu. Ga Hassana da ta gaji fadama. Can ƙarshen layi wani dogo mai farar hula ya tsaya yana ba kowa hanya, kamar yadda ya saba yi a ƙofar masallaci. Baba ne.

Ana kiran azahar layin ya kai inda za shi. Saura naɗi goma sha ɗaya na makon farko. Ta ce bismillah, ta juya allurar can. Ƙas. Ƙas. Sai shiru.

Goma daga cikin masu muryoyin suna raye, za a sake kiransu. Badi'a ta kifa kai a kan tebur, ta yi kuka mai isarta.

Mafici ya tsaya. Sai ta ji an yi gyaran murya, irin na Baba mai sau biyu ɗin nan.

"To, akwati, saurara da kyau. Ni ne Uwaisu na Gubuchi. Gonata ta tashi daga kukar da aradu ta tsaga, ta bi kwari har jan shuri. Daga nan yamma, ɗorawa uku. Ta tsakiyar ba tawa ba ce, ta Badi'a ce, ita ta shuka ta tana 'yar shekara shida, kada wanda ya sare."

Badi'a ta ɗago. Inna Talatu ce, idonta a rufe, har da 'yar dariyar da yake yi a ƙarshe.

"Inna, ina kika..."

"Shekara nawa ina goge ƙasan nan kina kunna shi? Ai ko bangon nan ya haddace."

Badi'a ta share fuska da gefen mayafi. Ta jawo makirfo, ta gyara wa tsohuwar kujera, ta ɗauki rigar mai furanni daga ƙasa ta ninke ta a kan cinyarta.

"Sake faɗa, Inna," ta ce. "A hankali. Kada ki bar gyaran muryar."