Allurai Takwas a Hannun Mama

A ɗakin karatu na unguwarmu akwai kwamfutocin cinya goma sha ɗaya, duk iri ɗaya, baƙaƙe masu kauri. A kansu na koyi buga rubutu. Da aka sauya na'urar intanet ta ɗakin sai suka daina kamawa, domin katin waifai da ke cikinsu ya tsufa. An sayo sabbin katuna an saka, kwamfutocin suka ƙi tashi sam. Malama mai kula da ɗakin ta ce hukuma ta yanke shawara, ranar Litinin mota za ta zo ta kwashe su zuwa inda ake fasa tsofaffin kaya. Sabbi kuwa babu ranar zuwansu.

Da na dawo gida ban iya cin abinci ba. Yayata, wadda ke gyaran kwamfuta a ɗan ɗakin da ke manne da shagon ɗinkin Mama, ta dube ni ta ce, "Auta, wa ya mutu?"

Na gaya mata. Ta ce in je in roƙi Malama aron guda biyu.

Washegari ta kwance ɗaya a kan tebur, ta zuba ƙusoshin a marfin kwalba, ta nuna mini wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas, bai kai farcena ba. Ta ce a cikinsa manhajar tushe take zaune, wadda ke farkar da kwamfuta kafin komai ya fara aiki. Ta kamfanin da ya ƙera kwamfutar ita ce ke ƙin duk katin da ba ta sani ba. Amma akwai wata da mutane daga ko'ina suka haɗu suka rubuta, a buɗe take, kowa na iya karantawa ya gyara, kuma ita ba ruwanta da wane kati aka saka. Ta nuna mini jerinsu a intanet: kowane irin kwamfuta da layinsa, kore idan an gwada ta yi aiki, ja idan ta ƙi. Layin irin tamu fari ne fat. Ba wanda ya taɓa gwadawa.

"To idan ta ƙi fa?" na ce.

"Sai mu rubuta ja, mu mayar wa Malama kayanta."

Ta maƙala wa ɗan abin wani matsi mai waya, ta kwafe tsohuwar manhajar sau biyu, ta gwada kwafin biyu ta ga sun zo ɗaya, sannan ta zuba sabuwar. Ni dai na rufe ido. Da na ji fanka ta fara juyawa na buɗe ɗaya, sai ga fuskar kwamfutar ta kawo haske, kuma sabon katin ya kama intanet ɗin gidanmu. Na yi tsalle har na zubar da marfin ƙusoshi, muka shafe minti goma muna rarrafe a ƙarƙashin tebur.

"Kada ki yi rawa tukuna," in ji Yaya. "Tashi daban, aiki daban."

Ta ba ni littafi da biro, ta ce ni ce magatakarda. Duk abin da aka gwada in rubuta lokaci da abin da ya faru. Muka bi madannai ɗaya bayan ɗaya. Muka gwada sauti, kyamara, batir, kowace ƙofar da ake soka waya a gefe. Muka rufe murfi ta yi barci, muka buɗe ta farka, sau ashirin. Duk lafiya. Da Yaya ta leƙa littafin sai ta kama ciki tana dariya.

"Ke, na ce ki rubuta 'sauti ya yi', kin rubuta mini 'sautin ya fito tangaram yayin da kyanwar maƙwabta ke wucewa ta kan katanga'. Rahoto na sa ki ko tatsuniya?"

Kunya ta kama ni, amma hannuna ya ƙi dainawa.

Yaya na da wata doka: ba ta yarda da gwaji sai wanda bai san kwamfuta ba ya taɓa. Ta ce mu mun san inda za mu lallaɓa, su kuwa ba su sani ba. Ranar Asabar da safe muka ajiye ta a falo muka ce kowa ya zo ya ci zalinta. Baba ya yi awa guda yana karanta labarin ƙwallo da yatsa ɗaya. Kawu, ƙanin Mama, ya ɗaga ta sama ya girgiza kamar yana neman canji a ciki. Ba ta yi komai ba.

Sai Mama ta leƙo daga shago ta zauna za ta duba sabon yayin hannun riga. Ba ta yi minti biyu ba fuskar ta ɗauke ɗif.

"Ni ban taɓa komai ba!" in ji Mama, ta ɗaga hannuwa sama. Tana ɗagawa hasken ya dawo.

Yaya ta daina murmushi. Ta karɓa ta zauna da ita awa biyu, ba ta sake yi ba. Bayan azahar ta sake ɗaukewa sau ɗaya, da la'asar sau biyu a jere. Yaya ta buɗe bayanan da kwamfutar ke ajiyewa da kanta, ta ce abin mamaki, duk lokacin cewa take an rufe murfinta, alhali murfin a buɗe yake.

"Sabuwar manhajar ce ke jin abin da babu," ta ce. "Auta, ba zan sa kore a kan abin da ke suma ba tare da na san dalili ba. Wani a wata ƙasa zai gani ya yarda da ni, ya zuba wa tasa."

Na san gaskiyarta. Saura kwana ɗaya. Na ɗauki littafina na koma kan matakalar ƙofa, ina karantawa don kawai kada in yi kuka a gabansu.

Ƙarfe goma da kwata: Mama ta zauna, tef a wuya, allurai takwas a hannu, fuska ta ɗauke. Biyu da rabi: Mama ta miƙo wa Yaya shayi ta kan madannai, fuska ta ɗauke. Huɗu da minti biyar: Mama ta ce a nuna mata rigar nan kuma, fuska ta ɗauke sau biyu.

Na karanta sau uku. Na miƙe na koma falo.

"Yaya," na ce, muryata can ƙasa, "ina ganin... kada ki yi dariya. Mama ce."

"Mama ce me?"

"Duk sau huɗun tana wurin. Lokacin Baba da Kawu ba ta nan."

Mama ta riƙe haɓa. "Oh ni! Yau kuma ni ce mayyar kwamfuta? Na haife ki, na goya ki, ki tashi ki ɗora mini laifin ƙarfe?"

Baba ya ce daga kujerarsa, "Ai ni ma in kin shigo ɗaki ɗaukewa nake yi."

"Kai dai Malam, yi ta kanka."

Yaya ba ta yi dariya ba. Hannun Mama take kallo. A wuyan hannunta na hagu akwai ɗan madauri mai faifai wanda take ɗaurawa in tana aiki, allurai na manne a jikinsa don kada su zube.

"Mama, wannan abin da me yake riƙe allurai?"

"Maganaɗisu mana. Da me kuwa?"

Yaya ta dafe kai. Ta ce a murfin kwamfutar akwai ɗan maganaɗisu, a gefen madannai kuma akwai abin da ke jin kusantowarsa, da haka take gane an rufe ta. Ta kama hannun Mama ta kai shi gefen hagu a hankali. Ɗif. Ta janye, haske. Ta mayar, ɗif. Kawu ya faɗi kan tabarma yana dariya, yana cewa a sake, a sake.

Na zaci an gama, amma Yaya ta ce in ɗauko ta biyun, wadda ba a taɓa ba, mai manhajar kamfani. Ta cire mata sabon katin don ta tashi, ta kunna. Mama ta gyara ɗankwali, ta miƙa hannu kamar mai karɓar kyauta a gaban taro. Ita ma wannan kwamfutar ta ɗauke, ashe ba laifin sabuwar manhajar ba ne. Sannan Mama ta cire madaurin ta zauna da ta farkon har rabin awa, ta kalli hannun riga ya fi talatin, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Yaya ta buɗe jerin, ta cike layinmu, ta mayar da shi kore. A wurin ƙarin bayani ta turo mini madannai ta ce, "Magatakarda, rubuta. Layi biyu kawai, kuma ban da kyanwa."

Na rubuta uku.

Lahadi muka wuni a ɗakin karatu da matsi da marfin kwalba, muka yi sauran goman ɗaya bayan ɗaya, kowace da shafinta a littafina. Guda ɗaya madanninta biyu sun mutu tun da can, na rubuta hakan ma. Ranar Litinin da motar ta zo, direban ya tarar da kowane tebur da mutum a kai, Mama a na farko tana nuna wa Malama hannun riga, madaurinta na cikin aljihuna. Malama ta ba shi ruwa ya sha, ta ce ya gaida mutanen ofis.