Ramukan Katangar Rakiya

Sau uku Malam Yahuza yana gina katanga a bayan gidansa na Yalwawa, sau uku damina tana kwantar da ita. Gidan a gindin gangare yake, kuma ɗakin matarsa Hajiya Dada shi ne na ƙarshe, taku huɗu tsakaninsa da tudun. A faɗuwa ta uku laka ta kai har ƙarƙashin gadonta. Hajiya kuwa ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, balle gudu.

Shi ya sa 'yarsu Rakiya, wadda ta karanta injiniyan gine-gine, ta ɗauki hutu ta dawo Dutse ta ce wannan karon ita za ta yi. Uban, birkila ne na shekara arba'in, ya yi dariya ya ce, "To Uwata, bismilla." Sunan mahaifiyarsa gare ta, bai taɓa kiran ta da shi ba.

Aikin nata bai yi masa kama da gini ba. A zuba burji taƙi ɗaya, a yayyafa ruwa, a daɓe shi har sai ya ƙi karɓar sawun ƙafa, sannan a shimfiɗa wata baƙar raga ta roba mai kauri ta shige can cikin tudun, a sake zuba burji a kai. Bulon gaba, in ji ta, fuska ce kawai, ragar da ƙasar su ne ke riƙe juna. Bayan bulon ta sa aka cika da tsakuwa, a ƙasa kuma ta bar ramuka takwas a jere, kowanne da guntun bututu. Malam Yahuza ya dube su bai tambayi amfaninsu ba, ita kuma ba ta yi masa bayani ba, don kunyar koya wa ubanta gini take ji.

Ta tafi Jahun duba wani aiki kwana biyu, aka yi ruwan farko. Da ta dawo da hantsi ta zagaya baya ta duba katangar. Ramukan takwas an toshe su da siminti, an shafe sumul, aiki mai kyau har ya ba ta haushi. Hannu ɗaya ta sani a duniya mai irin wannan shafe.

Ta same shi a zaure.

"Baba, kai ka rufe ramukan?"

"Ni ne. Maƙwabta suka fara cewa 'yar Yahuza ta bar aiki da ɓula. Na ce ba za a yi da ke ina raye ba." Yana murmushi, yana jiran godiya.

Tausayinsa ya kama ta. Amma hadari na haɗuwa a gabas, kuma Hajiya na kwance a ɗakin nan. Ta ɗauko guduma da guntun rodi, ta roƙe shi ya biyo ta.

Ta durƙusa ta fasa na farko. Ruwa ja ya tsarto ya jiƙe masa bakin riga, ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa.

"Na jiya ne, Baba. In bai samu hanya ba, katangar yake turawa."

Ya daɗe yana kallon ruwan. Ya juya ya dubi tagar ɗakin matarsa, sannan ya yi magana a hankali.

"Nawa ukun da suka faɗi, ko ƙofar allura ban bar musu ba. Wannan ne dalili?"

"Ƙasar wurin nan ce mai wuyar sha'ani, Baba."

"Uwata, ba ki iya ƙarya ba." Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa kusa da ita da ƙyar. "Miƙo gudumar. Ni na rufe wa Hajiya su, ni zan buɗe."

Ta miƙa masa. Ta riƙe masa rodin, ya fara bugawa.