Ranar da Injiniya Ya Gyara Ƙofar Firij

A gidan ba wanda ya taɓa sa hannu ya rufe firij. Shekara goma sha ɗaya ke nan, mutum ya buɗe, ya ɗauki abin da ya kawo shi, ya juya abinsa. Ƙofar za ta biyo bayansa a hankali, ta ɗan yi jinkiri kamar mai shawara, sannan ta manne. Umma kan bar ta hannu cike da tumatir. Yaya, babbar 'yar gidan, kan bar ta tana waya. Baba kuwa, da ciwon suga ya rage masa gani, lalubar gorar ruwa yake, ya kama sandarsa, ya yi gaba.

A jikin ƙofar, can ɗan akwatin sama, nan allurar Baba ke zama. Ƙananan kwalabe biyu. Yaya ke sayowa, kuma mai kemis ya ja mata kunne kada su sha zafi. Wannan ce doka ɗaya a gidan da ba a wasa da ita.

Sai autan gidan. Shekara uku da gama sakandare, ba makaranta, ba aiki. Ana ce masa Injiniya tun ranar da ya kwance rediyon Baba ya mayar, sukurori uku suka yi saura. Rediyon bai sake cewa uffan ba, sunan dai ya zauna daram. Ya san ba'a ce. Yana amsawa, don ba a yi masa tayin wanda ya fi shi ba.

Ranar Litinin da hantsi, lokacin da masu abin yi suka riga suka fita, yana zaune a kicin da kofin shayi, sai idonsa ya kama wani abu. In aka buɗe ƙofar firij, tana ɗan ɗagawa sama, kamar rabin kaurin yatsa. In ta rufe ta sauka. Ya tashi ya buɗe, ta hau. Ya saki, ta sauka. Ya maimaita har shayin ya huce. Gabansa ya riƙa faɗuwa irin ta wanda ya gano abin da ya gagari kamfani guda. Ƙofa ai juyawa take yi. Ba a yi ta don hawa ba.

Ya kwashe kayan jikin ƙofar. Allurar Baba ya tsoma a kwanon ruwan sanyi, saboda shi mutum ne mai tsari. Ya ɗauko sufana ya kwance hinjin sama, ya cicciɓi ƙofar ya jingine a bango. A hinjin ƙasa, ƙarfen da ƙofar ke juyawa a kansa, ya tarar da wata 'yar farar roba zagayayya, gefe ɗaya tudu, ɗaya gefen gangara. A gindin ƙofar ma akwai 'yar'uwarta, suna haɗa baki.

“Ta cinye,” ya gaya wa kansa, cikin muryar likita.

Ya ɗauko magagari. Minti arba'in yana gugar tudun nan, gumi na ɗiga daga haɓarsa, sai da robobin biyu suka kwanta sumul kamar faranti. Ya ɗiga musu man keke, ya mayar da komai. Wannan karon ko sukuru ɗaya bai yi saura ba.

Ƙofar ta daina hawa. Ta yi laushi, da ɗan yatsa ake buɗe ta. Ya sake ta. Ta tsaya inda ya bar ta, tana kallonsa.

Ya jira. Ba ta motsa ba. Ya tura ta da hannu, ta rufe.

“To, ai tana rufuwa,” ya ce. Ya share garin robar da ke ƙasa, ya zuba can ƙasan kwandon shara, ya rufe shi da ɓawon albasa.

Washegari da safe Umma ta taka ruwa a kicin.

“Wa ya bar mini firij a hangame?”

“Umma, firij ɗin da ke rufe kansa?” in ji Yaya, tana ɗaura agogo. “Tsufa ne ya kama shi. Kowa a gidan nan ya gaji, har shi.”

“Ke kika buɗe ƙarshe.”

“Ni ko ruwa ban sha ba. Tambayi Injiniyanki, shi ne mai gadin gida.”

Injiniya ya sa hanci a kofi. Ya yi shirun da yake ganin na masu zurfin tunani ne. Yaya ta taɓa kwalaben allurar ta ce da sauran sanyi, ta fita aiki.

A ranar ya samu aikin yi, karo na farko tun da ya bar makaranta. Ya jawo kujera ya dasa a bakin kicin. Duk wanda ya buɗe firij ya juya, sai Injiniya ya miƙa ƙafa ya tura ƙofar, ba tare da an gani ba. Aikin da 'yar roba ta yi shekara goma sha ɗaya tana yi ba hutu ba ƙorafi, shi ya gaje shi, kuma kafin azahar ya gane ta fi shi iyawa. Bai taɓa sanin mutum huɗu na iya buɗe firij sau arba'in a wuni ba. Rabi duk Baba ne, ƙishirwa ba ta barinsa. Injiniya ya haddace ƙarar sandar: taku uku daga ɗaki, tsayawa a bakin ƙofa, tari ɗaya.

“Yau kuma ni ake taya hira?” Umma ta tambaye shi, tana yanka albasa. “Ko wani abu ka fasa?”

“Haka kawai, Umma.”

“Haka kawai ɗinka ne ke ba ni tsoro.”

Amma roba ba ta shiga banɗaki, ba ta barci, ba a aikenta kanti. Shi kuwa duk yana yi. Duk dawowa sai ya tarar da ƙofar a buɗe, fitilar ciki na haska kwanon miya. Baba kuma yana riga kowa tashi, ya sha ruwa tun da asuba, ya koma ɗaki. Injiniya kan farka ya ruga da tsumma ya goge shaida kafin Umma ta fito.

Ranar Alhamis Yaya ta gwada jinin Baba da 'yar na'urarta, ta duba, ta sake dubawa.

“Baba, me ka ci?”

“Abin da aka ba ni.”

“Sugan nan ya hau. Jiya ma haka. Ka faɗa mini gaskiya, wa ke kawo maka alawa?”

“Ni da ko takalmina sai na laluba, ina zan ga alawa?”

“Ai ba a ganinta, shan ta ake yi.”

Baba ya ɗora hannu biyu a kan sanda. Injiniya na jin su daga kujerarsa. Ya gaya wa kansa cewa namiji ba ya kawo matsala sai da maganinta a hannu. Ya ji daɗin jimlar ƙwarai.

Maganin da ya samo shi ne ya karkata firij ɗin baya, nauyi ya ja ƙofar. Ya ɗauko littafin kimiyyarsa na ajin ƙarshe da na lissafi, ya cusa ƙarƙashin ƙafafun gaba. Tun da aka sayi littattafan ba su taɓa ɗaukar nauyin komai ba sai ranar. Ya buɗe, ya saki. Ƙofar ta tafi da kanta, luu, har ta kai. Ya tsaya riƙe da ƙugu. Bai matsa kusa ya duba ba. Da ya duba, da ya ga tana tsayawa saura kaurin yatsa ta manne.

Asabar da safe ya ga ya samu sarari, ya tafi layin masu gyara, inda matattun firij ke jere a rana ba ƙofofi. Ya sami wani dattijo a ƙarƙashin rumfa yana hura wuta a bututun jan ƙarfe. Ya gaishe shi, ya nuna masa hoton robar a waya.

Dattijon ya ɗage tabarau. “Wane maƙiyin Allah ne ya yi wannan?”

“Wani ne ya zo mana gyara.”

“Da magagari?”

“Ya ce ta cinye.”

“Shi ne ya cinye.” Ya jawo wata tsohuwar ƙofa, ya ɓalle robobi biyu daga gindinta, ya haɗa su a tafin hannu yana juyawa. “Duba nan, samari. In ka buɗe, ƙofa ta hau tudu. In ka saki, nauyinta ya gangaro da ita, ta faɗa rami, ta matse. Ba inji, ba waya. Tudun nan shi ne aikin gaba ɗaya. Mutumin naku ya zauna ya goge aikin.”

“Ya dai yi ƙoƙari, Malam. Ta yi santsi sosai.”

“Ta yi kam. Irinsu ke ciyar da mu.” Ya kalli yatsun Injiniya, inda magagari ya bar ƙujewa. Ya miƙa masa robobin. “In ka gan shi, ka ce ina gaisuwa. Ka ce kafin ya cire abu, ya tambayi abin me yake yi a wurin.”

Injiniya ya dawo a ƙafa don ya samu lokacin jin haushi. Bai iso ba sai bayan la'asar.

Kicin ya ɗau zafi kamar tanda. Umma ta wuni tana girki, murhu kuwa gefen firij yake. Ƙofar a rufe take ga mai kallo daga nesa. Ya matsa, ya ga siririn haske a gefenta. Ya sa yatsa, ya shige. Ya buɗe ɗan akwatin sama ya ɗauki kwalba ɗaya. Ɗumi gare ta, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai yanzu.

Daga ɗaki Baba ya yi tari. “Injiniya, kai ne? Miƙo mini allura, lokaci ya yi.”

Ya tsaya da kwalbar a hannu. Dabara ta zo masa nan take, don dabara ba ta taɓa yi masa rowa ba: ya tsoma ta a ruwan sanyi minti biyu, ya miƙa, gobe da sassafe ya sa sababbin robobi, magana ta mutu. Ba wanda zai sani. Baba zai ɗaga riga, ya tsira wa kansa abin da ba a san ko magani ne ko ruwa ba, gobe Yaya ta sake tsare shi da zancen alawa.

Ya shiga falo. Yaya na kwance a doguwar kujera, Umma na tsince shinkafa, Baba ya fito ya zauna ya riga ya naɗe gefen riga.

“Baba, kada ka yi da wannan. Ta yi zafi.”

Yaya ta tashi zaune. “Kamar yaya ta yi zafi?”

“Ƙofar ba ta rufuwa. Tun Litinin.”

“Tun Litinin. Kai ka sani?”

“Ni na gyara ta.”

Umma ta ajiye faranti a hankali. “Da me ya same ta?”

“Ba komai.”

Ya yi tsammanin ihu. Da ihun aka yi da ya fi sauƙi. Yaya ta karɓi kwalbar, ta juya ta a haske, ta kira mai kemis, ta sa a lasifika don kowa ya ji. Mai kemis ya tambayi kwana nawa. Yaya ta miƙa wa Injiniya wayar.

“Biyar,” ya ce. “Shida da yau. Ba duk wuni ba. Ina rufewa da ƙafa.”

Sannan mai kemis ya ce shi ba zai iya rantsuwa ta lalace ba, amma ba ya caca da jinin dattijo. A zo a karɓi sabuwa kafin ya rufe.

“Kwana biyu ana ce mini ɓarawon alawa,” in ji Baba, yana sauke rigarsa. Bai juyo wajen ɗansa ba. “A cikin gidana.”

“Ka yi haƙuri, Baba,” in ji Yaya.

“Ba ke nake jira ba.”

Injiniya ya durƙusa ya ba da haƙuri. Muryar ta fito ƙarama, ba irin wadda ya tanada ba. Baba ya ce ya tashi ya tafi kemis, haƙuri ba ya sauke suga.

Da gudu ya je, da gudu ya dawo. Baba ya yi allurarsa kafin abinci ya huce. Sai Injiniya ya zaro robobin daga aljihu ya ce minti goma ya ishe shi.

“Ajiye su nan,” in ji Umma. “Mai gyara zai zo ya sa.”

“Umma, yanzu na gane yadda—”

“Na ce ajiye.”

Yaya ta naɗe sababbin kwalaben a tsumma mai laima ta damƙa masa. “Kai gidan maƙwabta su ajiye mana. In sun tambayi dalili, ka faɗa musu da bakinka. Kada ka ce an ɗauke wuta.”

Ya ƙwanƙwasa. Matar maƙwabcin ta buɗe, hannunta duk kumfa.

“A'a, Injiniya, kamar ka san ina nemanka. Injin wankinmu ne ke wata ƙara, ko za ka ɗan leƙa?”

Ya hango injin a bayanta. Yatsunsa suka motsa da kansu. Ya cusa su a aljihu.

“Anti, ki kira mai gyara.”

Ya faɗa mata dalilin zuwansa, bai rage komai ba. Ta yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta kasa, ta ce ya shigo. Ta buɗe firij ɗinta, ta matsar da robar madara, ta sa kwalaben a ciki can inda sanyi ya fi. Ya tambaye ta ƙarfe nawa suke tashi, don Baba na yin allurar safe kafin karin kumallo. Ta ce shida. Ya ce shida saura biyar zai zo ya tsaya a bakin ƙofa.