Saƙonnin Minza a Wayata

"Riƙe mata kai, Maman Holo," in ji uwarta, muna ƙoƙarin ɗora Minza a kan babur. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Tafin hannunta ya yi fari fat.

Minza 'yar maƙwabciyata ce, shekararta goma sha biyar. Gidansu babu waya, shi ya sa da ma'aikatan lafiya suka je makarantarsu, lambata ta bayar. Duk Alhamis saƙo zai shigo, maganar al'ada da maganar jini. Biyu na karanta, raina ya ɓaci. Wane ne wannan da ke aika wa 'yar mutane irin wannan zance? Ni ma 'ya mace nake goyo. Sai na riƙa gogewa.

"Anti, ba a turo komai ba?" Haka take leƙowa ta kan danga.

"Samarinki sun manta da ke. Zo ki karɓi Holo in yi wanki."

Ranar da na kama ta tana ɓantarar ƙasar bango tana ci, tsokanarta na yi, don mu nan bakin tafki masu ciki muka sani da cin ƙasa. "Wata nawa ne, amarya?" Ta yi dariyar yaƙe. Tun daga ranar ba ta sake cewa tana jin jiri ba.

Zazzaɓi ya zo ya tarar da ita babu jini. Kwana biyu ta yi a asibiti, ta cika.

A wurin makoki wata 'yar ajinsu ta nuna min wayar babanta. Saƙonnin na nan duka. Ki ci alayyahu da ƙananan kifi. Kada ki kora abinci da shayi. Na shida ya ce idan kina kwaɗayin ƙasa ko haki na kama ki, ki je a auna jininki, kada ki jira.

Na samu Maman Minza a bayan gida tana tuƙa wa baƙi tuwon masara, ta hana kowa ya karɓe ta.

"Yaya, saƙonnin sun zo. Ni na goge su."

Na faɗa mata abin da ke cikinsu, har da maganar ƙananan kifi. Ba ta ɗago ba. Ta daɗe tana juya tukunyar.

"Kifin nan kullum ita ke shanya min shi," ta ce. "Mukan kwashe mu kai kasuwa."

Can ta miƙo min muciya. "Hannuna ya gaji."

Na karɓa. Ta zauna a kan dutse kusa da ƙafata, tana tura itace cikin murhu ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi na shigar mana ido mu biyu.