Da Sunan Maigida

Sau biyu Baba Abednego ya ɓata a cikin shekara ɗaya. Na farko an tsince shi a bayan tsohon yadin jirgin ƙasa na Kafanchan, tsaye cikin ciyawa yana duba wasu taragu da tsatsa ta gama da su. Na biyu kuwa wani mai sayar da citta ne ya riƙo hannunsa daga kasuwa har gida. A ranar ce ɗansa Meshak ya bugo waya daga Kaduna ya yanke magana: idan aka yi na uku, zai zo da mota ya ɗauke tsohon, a sa wa gidan kwaɗo.

Angelina, ƙanwar Meshak, ita ke zaune da mahaifin nasu tun rasuwar mamansu. Ta san abin da yayan nata bai sani ba, ko kuwa ya sani ya kau da kai: Baba ba zai yi wata uku a saman bene a Kaduna ba. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya a reluwe yana ɗaukar lambar taragu, ya gina ɗaki huɗu da guminsa, ya dasa mangwaro a tsakar gida, ai ba kaza ba ne da za a sa a kwando a canza masa akurki. To amma ita ma malama ce a wata firamare a Gidan Waya. Ƙarfe shida da rabi take hawa mashin, ba ta dawowa sai rana ta yi sanyi. Shi ya sa ta nemo Lai'atu.

Lai'atu 'yar cocinsu ce, tana da shagon sola da kyamarori, kuma ba ta da yawan magana in tana aiki. Ranar Asabar ta zo da kyamara da tsani a keke napep. Ta kafa kyamarar a ƙarƙashin rufin baranda, idonta na kallon get. Ta ajiye ƙaramin akwatin intanet a bayan taga, ta sa masa layi, ta jona duka biyun da batirin sola don kada ɗauke wuta ya kashe su.

"Ba zan sa katin ajiye hoto a cikinta ba, Anti," in ji Lai'atu. "Kati yana lalacewa, ɓarawo ma yana iya cire shi. Kilawud za mu haɗa ta. Ma'ajiya ce a intanet. Duk motsin da ta gani za ta tura can, ya zauna wata guda. Daga ko'ina sai ki koma baya ki kalla. Ba ni lambarki in buɗe akawun."

Baba yana zaune a kujerarsa ta roba a gindin mangwaro, an ɗauka gyangyaɗi yake yi. Ashe kunnensa na wajen.

"Lambar wa?"

"Ta Anti Angelina, Baba."

"Mita na gidan nan da sunan wa? Takardar fili fa? Katin godiya na coci, sunan wa ake kira?" Ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya. "Ban mutu ba tukuna."

Lai'atu ta dubi Angelina. Angelina ta dubi ƙasa. Tsohon da yake manta ko ya ci abinci bai taɓa manta cewa shi ne maigida ba, kuma wannan kaɗai ya rage masa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙaramar wayarsa mai tocila, wadda aka ɗaure bayanta da roba. Aka rubuta Abednego, aka sa lambarsa, saƙo ya shigo da lamba shida, Lai'atu ta kwafe. Ta nuna wa kyamarar wani zane mai ɗigo-ɗigo a fuskar waya, kyamarar ta yi ƙara, jan haskenta ya koma shuɗi. Daga nan ta tura wa Angelina gayyata, hoton get ya fito a wayarta tar, har da kaza tana wucewa. Hadari ya haɗo ta gabas, Lai'atu ta hau naɗe wayoyinta da sauri.

Baba ya taso ya tsaya a ƙarƙashin abin, ya ɗaga kai.

"Wane ne a ciki?"

"Anti Angelina ce, Baba. Duk inda take tana ganinka, tana jin ka."

Ya daɗe yana kallon kyamarar, sannan ya gyaɗa kai ya koma kujerarsa.

Mako uku lafiya lau. Kullum ƙarfe goma, in yara sun fita hutu, Angelina takan je gindin darbejiyar da sabis ya fi kamawa, ta buɗe waya. Ga get a rufe, ga Baba a kujera. Sai ta mayar da wayar jaka ta ci ƙosanta da kwanciyar hankali. Ba ta taɓa neman komawa baya ba, don ba abin da ya sa ta.

Wata ranar Alhamis ta buɗe, kujera ba kowa, get a sake. Ta kira Ugomma, maƙwabciyarsu mai shagon kayan masarufi, wadda ita ma 'yar ma'aikacin reluwe ce, a unguwar aka haife ta. Ugomma ta leƙa ɗakuna huɗu da bayan gida, ta ce Papa ba ya nan, sandarsa ma babu. Angelina ta kira wayar Baba. Ya ɗauka.

"Baba, kana ina?"

"Ina wurin aiki. Kada ka dame ni, Angelina."

Ya kashe. Ugomma ta rufe shago ta nufi yadi, ta zaga har bayan taragu, ba shi ba alamarsa. Angelina ta danna wajen da ake komawa baya a kalli abin da ya wuce. Wayar ta ƙi. Ta sake dannawa, ta sake ƙi. Ta nemi izini wurin hedimasta, ta tari mashin, ba ta tsaya ko'ina ba sai shagon Lai'atu.

Lai'atu ta karɓi wayar, ta duba, ta ciji leɓe.

"Laifina ne, Anti. Ranar nan ina sauri, kallon kai tsaye kawai na buɗe miki. Abin da ke ajiye sai mai akawun. In za mu shiga, lamba za su tura wa layin Baba."

"Layin yana aljihunsa."

"To sai ya karanto mana."

Aka tura. Angelina ta kira, ta lallaɓa murya, ta ce Baba wani saƙo ya shigo, ka karanta min lambar da ke ciki.

"Ba na ba kowa lamba," in ji shi. "Meshak ya ce duk wanda ya tambayi lamba a waya ɓarawo ne, ko da muryar fasto ya zo."

Wato cikin duk abin da aka yi shekara ana nanata masa, na shan magani, na kulle get, wannan ne ya zauna daram. Angelina ta ji kamar ta yi dariya, kuka kuma ya fi kusa. Sha biyu ta wuce. In yamma ta yi ba a gan shi ba, dole ta kira Kaduna, kuma ta san abin da zai biyo baya.

Ta ce wa Lai'atu ta sake turawa. Ta kira, ta gyara murya ta yi kauri, irin yadda Baba yake kwaikwayon shugaban yadinsu in yana ba su labari suna yara.

"Abednego. Ofishin yadi ke magana. Tarago ya shigo yanzu, lambarsa na cikin wayarka. Danna na tsakiya, karanto."

Sai ƙarar maɓalli. Sai wata murya da Angelina ta shekara ba ta ji ba, tsaf, ba rawa:

"Bakwai. Sifiri. Huɗu. Huɗu. Tara. Biyu. Zan maimaita, ranka ya daɗe."

Ya maimaita, bai kuskure ko ɗaya ba. Lai'atu ta shigar, akawun ya buɗe. Angelina ta kashe wayar, kunya ta rufe ta, don abin da ta yi wa ubanta shi ne daidai abin da 'yan damfara ke yi wa tsofaffi.

Bidiyoyi suka jero, kowanne da ranarsa da lokacinsa. Lai'atu ta taɓa na safiyar, ƙarfe bakwai da minti goma. Ga Baba nan ya fito da rigarsa ta zuwa coci, sanda a hannu, ƙaramar fartanya a kafaɗa. Bai nufi get ba. Ƙarƙashin kyamarar ya zo ya tsaya, ya cire hula.

"Angelina, ina kwana. Zan je Godogodo in nome kabarin mamanku. Ruwa ya sauka, ciyawa zai rufe shi. Zan dawo kafin ka dawo. Ka ji ko?"

Ya jira kaɗan, kai a sama. Da ba a amsa ba, ya mayar da hularsa ya fita.

Lai'atu ta taɓa na jiya. Ga shi nan a wuri ɗaya, hula a hannu: ya sha magani, ba zai fita ba yau. Na shekaranjiya: zai je wurin Ugomma sayen sabulu. Na ranar Litinin: ƙafarsa na ciwo, amma kada ta damu. Kwana goma sha tara, in ban da Lahadi da Asabar da take gida, ba fashi. Kullum sai ya ƙare da "Ka ji ko?", kullum sai ya jira. A lokacin ita tana bayan mashin a hanyar Gidan Waya, waya na cikin jaka.

"Ya isa," in ji Angelina.

A Godogodo suka same shi, ita da Ugomma, a tsohon gidan danginsu. Ya nome rabin kabarin Mama Tamar, ya gaji, matar ɗan ƙanensa ta ba shi kunu a inuwa. Mutanen gidan ba su kira kowa ba, don ya ce musu Angelina ta san da zuwansa. Ugomma ta fara: "Papa, haba, ka fita ba ka faɗa wa kowa..."

"Na faɗa," ya ce, yana kallon 'yarsa. Hankalinsa ya dawo, kamar yadda yake yi wani lokacin. "Na faɗa maka da safe."

"Ka faɗa, Baba. Ni ce ban ji ba."

Ta karɓi fartanyar ta ƙarasa noman da kayan makaranta a jikinta.

Ba ta ɓoye wa Meshak ba. Da yamma ta tura masa bidiyon safiyar da wasu uku, ta rubuta: "Broda, bai ɓata ba. Ya bar sallahu, ba a karɓa ba." Ya kalla, alamar saƙon a wayarta ta nuna haka, amma bai kira ba sai bayan awa guda. Bai yi maganar mota ba. Ya ce dai a gaya wa Lai'atu shi ma ta tura masa gayyata. Lai'atu ta tura, ta buɗe wa dukansu komai, ta kuma nuna wa Angelina wani maɓalli mai hoton makirfo da ba ta taɓa lura da shi ba. Akawun kuwa aka bar shi da sunan maigida.

Washegari, bakwai da 'yan mintuna, Angelina ta taɓa kafaɗar ɗan mashin ta ce ya tsaya. Ya yi tsaki, ya gangara gefen titi kusa da wata gonar citta. Ta buɗe waya. Baba ya riga ya cire hula, yana bayanin cewa ya sha magani, kuma bayansa na ciwo saboda noman jiya.

"Ka ji ko?"

Ta danna maɓallin ta riƙe.

"Na ji, Baba."

Bai razana ba, bai ma yi mamaki ba. Ya mayar da hularsa, ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya," ya koma kujerarsa a gindin mangwaro.