Aska a Kan Suruki

Shekarar da aka yi ɗiban gwamna, aka kwashi maza zuwa haƙar kuza a Jos, har da Sale a cikin waɗanda aka ɗiba daga Tursa, alhali shi kaɗai ne wanzamin garin. Da zai tafi, ya rataya wa maƙwabcinsa Maccido zabirar kayan askinsa a wuya, ya ce amana. Ajiya ya ba shi, bai ce ya taɓa ba. To amma Maccido ba mutumin da ake bar wa abu mai kaifi ya zauna lafiya ba ne.

Manomin albasa ne, hannunsa da fartanya ya saba. Da ya ga suma ta fara cin ƙarfin mazan gari, masu jaki suna tafiya har kasuwar Rabah neman aski, sai ya kwance zabira. Ya fara da duma, ya koma kan ƙwaurinsa, sannan ya samu wani masunci, Atiku, wanda araha ta ruɗa. Atiku ya tashi da tsaga uku irin waɗanda babu su a zuriyarsu kaf. Sabuwa, matar Maccido, ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce daga yau za ta riƙa ɓoye akuyarta.

Gaskiya dai, ya koya. Ya gane sai gashi ya sha ruwan ɗumi da sabulun salo ya yi laushi. Ya gane ana wasa aska a dutse, a goge ta a fata, a kwantar da ita, ba a dannawa, kuma ana bin kwanciyar gashi kaɗan-kaɗan. Babban sirrin kuwa yana hannun hagu: ka dafe kan mutum, ka ja fatar da babban yatsa ta miƙe. Kafin azumi ya ƙare, har Atiku ya dawo da ƙafarsa.

Ana saura kwana biyu salla, Sabuwa ta dawo daga gidansu.

"Baba ya ce ka taho da zabira gobe da hantsi."

"Zabira? Mi za shi yi da ita?"

"Miya za shi yi. Aski mana! Kurkunu ya hana shi zuwa Rabah, kuma ya ce ba shi zuwa idi da wagga suma."

Malam Yusha'u, baban Sabuwa, ya ba Maccido 'ya shekara bakwai ke nan, amma tsakaninsu gaisuwa ce kawai. Maccido kan tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gai da ƙasa, dattijon ya amsa wa iska. Bai taɓa jin yabo daga bakinsa ba, kuma ba abin da yake so a duniya kamar ya ji. Yanzu ga shi za a miƙa masa kan da duk gari zai gani wurin alwala ranar salla. In ya yanke shi, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Da hantsi ya same shi a zaure kan tabarma, ƙafa a miƙe an ɗaure da tsumma, hula a gefe. Maccido bai taɓa ganinsa ba hula ba, sai ya ji kamar ya faɗo masa a banɗaki. Ya durƙusa can gefen tabarma, iyakar inda hannu zai kai. Ya shafa ruwa da sabulu da bakin yatsu biyu, kamar mai taɓa garwashi. Sannan ya ɗauki aska, ya sunkuyar da kai yadda ɗa na gari yake yi gaban suruki, ya ɓoye hannun hagu a bayansa, ya fara.

Wai mutum yana aski yana kallon tabarma! Askar ta yi ta ƙarar, ƙarar, tana tsallake wani wuri tana nutsewa a wani. Malam Yusha'u ya daure, don shi ma ba zai yi raki gaban mijin 'yarsa ba, ga kuma azumi a baki. Ya dai ƙara saurin jan carbi. Kunya ta riƙe wannan, kunya ta riƙe wancan, aska kuwa ba ruwanta da surukuta.

Sai da ɗigon jini ya sauka a tabarma, daidai inda Maccido yake kallo, sannan ya san abin da yake aikatawa. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

"Baba, a gahwarce ni. Bari in tahi Rabah yanzu in ɗauko wanzami bisa jakina."

"Ka bar ni da rabin kai awa gonad da anka nome gehe guda? Zamna." Dattijon ya ajiye carbi. "Kan Atiku haka kay yi mai?"

"A'a, Baba."

"To mi kay yi mai?"

"Na... na kama kan nai."

"Nau ƙaya ag gare shi?"

Sai Malam Yusha'u ya miƙa hannu, ya zagayo bayan Maccido ya kamo hannun hagun nan da aka ɓoye, ya ɗora shi a tsakiyar kansa, ya danna.

"Ko sarki duƙa ma wanzami shi kai. Matso. In kunya za ka ji, ka ji ta bayan ka gama."

Maccido ya matso har gwiwarsu ta haɗu. Ya sake jiƙa gashin sosai, ya goge aska a fata, ya ja fatar kai da babban yatsa, ya duba. Kan ƙarami ne, ga furfura, ga wani tsohon tabo a bayan kunne, ga jijiya tana bugawa a hankali ƙarƙashin yatsansa. Wannan ne mutumin da yake tsoro shekara bakwai. Tausayi ya kama shi. Askar ta koma tafiya sul, ba ƙara. Ya juya kan dama, ya juya shi hagu, ya lanƙwasa kunne, ya toshe yanka biyun da ya yi masa da auduga.

Aski ya zo gaban goshi, inda aka ce ya fi zafi. Nan ba makawa sai ya tallafi haɓar dattijon ya ɗaga fuskarsa, suka haɗa ido. Maccido ya yi niyyar kawar da kai, ya tuna jinin, ya daure. Ya share goshin, ya gyara saje, ya wanke da ruwa.

Malam Yusha'u ya bi kan da tafin hannu, daga goshi zuwa ƙeya, ya sake dawowa ta inda gashi kan yi kaushi. Sumul. Ya daɗe yana kallon Maccido, wanda tuni ya fara ja da baya zuwa gefen tabarma.

"Tsaya nan inda kake," in ji shi. "Aski ya yi, Allah shi yi ma albarka. Shekara bakwai ƙeyakka kaɗai nika gani, har na hwara tunanin ƙeya nib ba ɗiyata. Ɗaga kai in ƙara dubin ka."